Ɗan Kallo da Mai Riƙe da Linzami: Tarihin Ban Tsoro Daga Fim Zuwa Wasan Bidiyo

Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin manazarta fina-finai da manazarta wasannin bidiyo, watau wasannin nan da ake yi a kwamfuta ko a wata na'ura da ake jonawa da talabijin. Muhawarar kuwa ita ce, shin wasan bidiyo yana iya tsorata baligi mai hankali kamar yadda fim ke yi, ko kuwa iyakarsa ya sa mutum ya zabura na ɗan lokaci sa'an nan ya bushe da dariya? Waɗanda suka tsaya wa fim suna cewa zanen kwamfuta ba zai taɓa kama ƙafar fuskar ɗan Adam ta gaske ba, kuma abin da sunansa wasa ai wasa ne. Su kuwa masu goyon bayan wasan bidiyo cewa suke yi, mai kallon fim yana zaune ne a tudun mun tsira, don haka tsoronsa na aro ne.

A cikin wannan maƙala za a bi tarihin fannonin biyu, a ga dabarun da kowanne ya samo na razana mutane, da lokacin da ya samo su, da dalilin da ya sa. Abin da ake son nunawa shi ne, fim yana tsorata mutumin da aka hana shi ikon yin komai, shi kuwa wasan bidiyo yana tsorata mutumin da aka ɗora wa alhakin yin wani abu, kuma masu ƙera wasanni sun shafe kusan shekara 30 kafin su gane wannan bambanci sosai. Domin kauce wa ruɗani, za a kira mai kallon fim "ɗan kallo", a kira mai buga wasan bidiyo "mai wasa". Ita kuma 'yar na'urar da yake riƙewa a hannu yana danna maɓallanta don ya juya mutumin da ke cikin wasan, za a kira ta "linzami".

Ire-iren tsoro

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a tantance abin da ake nufi da tsoro, domin yawancin gardamar daga nan ta samo asali. Hausa ta yi mana rabin aikin. Idan abu ya faɗo wa mutum kwatsam, gabansa ya faɗi, jikinsa ya ɗauki ɓari, mukan ce ya firgita ko ya razana. Idan kuwa abin bai zo ba tukuna, amma mutum ya san yana tafe, yana ta ɗar-ɗar, wannan fargaba ke nan. Sa'an nan akwai wanda ke saura a zuciya bayan komai ya wuce, ya hana mutum barci ko shiga ɗaki mai duhu, wanda za mu kira tabon tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Masanan Turai ma sun yi irin wannan rabe-rabe. Marubuciyar nan ta Ingila, Ann Radcliffe, a wata maƙalarta da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, ta bambanta tsoron abin da ba a gani sarai ba, wanda ke farkar da hankali, da tsoron abin da aka gani ƙuru-ƙuru, wanda ke daskarar da mutum. A 1990 kuma masanin falsafa Noël Carroll ya nuna cewa dodon fim yakan haɗa abu biyu, barazana da ƙyama. Da waɗannan ma'aunai, watau firgita da fargaba da tabo, za a auna fannonin biyu.

Yadda fim ya koyi ban tsoro

Fim ɗin ban tsoro kusan sa'an fim ne shi kansa. A 1896 Georges Méliès na Faransa ya yi Le Manoir du diable, wanda bai wuce kimanin minti 3 ba, inda jemage ke rikiɗa ya zama shaiɗan. Sai dai wannan ya fi kama da dabo, don ba da mamaki aka yi shi. A Jamus ne aka fara ɗaukar abin da gaske bayan Yaƙin Duniya na Farko. Robert Wiene ya fito da Das Cabinet des Dr. Caligari a 1920, da gine-ginensa karkatattu, sa'an nan F. W. Murnau ya yi Nosferatu a 1922, inda inuwar mai shan jini ke hawa matakala tana miƙa zara-zaran yatsu. Matar marigayi Bram Stoker, marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa ba da izini ba, ta kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a lalata fim ɗin, amma wasu kwafe suka tsira. A 1931 kamfanin Universal na Amurka ya fito da Dracula da Frankenstein, ya nuna wa jama'a dodanni ido da ido.

Babban darasin da fim ya koya ya zo ne daga talauci. A 1942 kamfanin RKO ya ba Val Lewton kuɗi kaɗan ya shirya Cat People, Jacques Tourneur ya ba da umarni. Da yake babu halin ƙera dodo mai gamsarwa, sai suka ɓoye shi a duhu. A wani wuri cikin fim ɗin, wata mace tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin takun takalmi a bayanta. Can sai takun ya ɗauke, wuri ya yi tsit. Ana cikin haka sai aka ji wani huci mai ƙarfi kamar na damisa, ashe birkin motar bas ce da ta tsaya a gabanta. Babu dodon da aka gani, amma an tara fargaba, an fasa ta da firgita. Irin wannan ta sake faruwa a 1974, lokacin da kifin ƙarfen da aka ƙera wa Steven Spielberg don fim ɗin Jaws ya yi ta lalacewa a ruwan teku, ala tilas aka rage nuna shi, aka bar kiɗa da motsin ruwa su yi aikinsa. Mai tatsuniya ta san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba ta cika ɓata lokaci wajen siffanta Dodo ba, takan bar kowane yaro ya zana nasa a zuci.

Alfred Hitchcock shi ne ya fi kowa bayyana asirin wannan sana'a. A hirar da ya yi da François Truffaut a 1962, ya kawo misalin mutum biyu da ke zaune suna taɗi, alhali akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. Idan bam ɗin ya tashi ba tare da 'yan kallo sun san da shi ba, sun sami firgita ta daƙiƙa 15. Idan kuwa an nuna musu lokacin da aka ajiye shi, aka kuma nuna musu agogo, to sun sami fargaba ta minti 15, suna ji kamar su yi ihu su gargaɗi mutanen. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin wannan fargaba ya dogara ne ga rashin ikon ɗan kallo. Ya sani, amma hannunsa ba ya kaiwa. Darakta ne ke riƙe da lokaci, shi ke zaɓar abin da za a gani da tsawon daƙiƙun da za a gan shi. Da wannan iko Hitchcock ya kashe tauraruwar Psycho a wurin wanka a 1960 tun fim bai kai rabi ba, har ya sa gidajen silima suka hana kowa shiga bayan an fara nunawa. Da shi ne kuma William Friedkin ya yi The Exorcist a 1973, wanda jaridun lokacin suka ba da labarin mutane suna suma suna amai a wurin kallonsa, kuma ya zama fim ɗin ban tsoro na farko da aka sa cikin takarar fim mafi kyau a kyautar Oscar.

Duk da haka, masu shirya fim sun san akwai katanga tsakanin allo da kujera. A 1959 William Castle ya sa aka maƙala wasu 'yan na'urori masu girgiza a ƙarƙashin wasu kujeru a gidajen da ake nuna fim ɗinsa The Tingler, don ɗan kallo ya ji abin a jikinsa. Dabarar ta ba da dariya fiye da tsoro, amma ta tona inda matsalar take. Ɗan kallo yana da mafita wadda ba mai iya toshe masa: ya rufe ido. In ya rufe, fim zai ci gaba da tafiya, ya wuce wurin tsoron, ya kai shi ƙarshe lafiya lau.

Farkon wasannin ban tsoro

A nan ne wasan bidiyo ya shigo da abin da ba a saba da shi ba. Idan mai wasa ya rufe ido ko ya saki linzami, labari ba ya gaba. Ƙofar da ake tsoro tana nan a rufe har sai shi da kansa ya je ya buɗe ta.

Wasannin farko sun gano wannan tun na'urori ba su iya zana komai na kirki ba. A farkon shekarun 1980 Malcolm Evans na Ingila ya yi 3D Monster Maze a kan ƙaramar kwamfutar nan Sinclair ZX81, wadda ba ta da launi kuma ba ta da sauti. Mai wasa yana yawo cikin lunguna masu ruɗarwa, wata ƙatuwar dabba ta zamanin da tana farautarsa, rubutu a ƙasan allo yana sanar da shi cewa ta gan shi, ko tana tafe, ko tana bayansa. A 1982 kamfanin Atari ya fito da Haunted House, inda ba a ganin komai na mai wasa sai idanu biyu cikin duhu. Yakan ƙyasta ashana ya ga abin da ke kusa da shi, in dodo ya shigo ɗakin sai iska ta hure ta. Kamar yadda talauci ya koya wa Lewton, haka raunin na'ura ya koya wa waɗannan mutane amfanin duhu.

A 1989 kamfanin Capcom na Japan ya fito da Sweet Home, wanda Tokuro Fujiwara ya jagoranta, bisa wani fim mai wannan suna na Kiyoshi Kurosawa. Mutum 5 ne suka shiga wani tsohon gida, kowanne da kayan aikinsa, kuma duk wanda ya mutu ya mutu ke nan, ba ya dawowa har ƙarshen wasan. Watau sakacin mai wasa yana da sakamako mai ɗorewa. A 1992 Frédérick Raynal na kamfanin Infogrames a Faransa ya yi Alone in the Dark. Da yake kwamfutocin lokacin ba sa iya zana ɗaki duka yana motsi, sai aka zana kowane ɗaki a tsaye, aka kafe kyamara a kusurwa guda, mutane da dodanni kaɗai ke motsi. Wannan ya ba mai ƙera wasa wani yanki na ikon darakta, domin shi ke zaɓar kusurwar, yana iya ɓoye abin da ke bayan kwana. A 1995 kuma Hifumi Kono ya yi Clock Tower, wanda ya sami tasiri daga fina-finan Dario Argento na Italiya, inda wata yarinya marainiya ba ta da abin yi sai gudu da ɓuya daga wani mai ƙaton almakashi.

Zamanin ƙarancin guzuri

Wasan da ya kafa wannan fanni a idon duniya shi ne Resident Evil, wanda Capcom ya fitar a watan Maris na 1996 a kan na'urar PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. Ya ari gawawwaki masu tafiya daga fina-finan George Romero, wanda ya yi Night of the Living Dead a 1968, ya kuma yi amfani da kafaffiyar kyamara irin ta Alone in the Dark. Amma abin da ya sa ya yi tasiri shi ne tsumulmular da aka yi wa mai wasa. Harsasai kaɗan ne, ba su isa a kashe kowane dodo ba. Aljihu ƙarami ne, abu 6 ko 8 kawai yake ɗauka, gwargwadon wanda aka zaɓa cikin taurarin biyu, saboda haka in an ɗauki magani wataƙila a bar mabuɗi. Hatta adana inda aka kai a wasan sai an sami tafireta, an kuma kashe ƙyallen tawada guda, su ma ƙidayayyu ne. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, sai allo ya yi baƙi, a ga ƙofar ita kaɗai tana buɗewa a hankali. An yi haka ne don a rufe jinkirin da na'ura ke yi wajen ɗauko ɗaki na gaba daga faifai, amma sai ya zama wurin tara fargaba. Wurin da aka fi tunawa a wasan shi ne wani lungu mai tagogi, inda karnuka ke faso gilashi su diro. Wannan ita ce motar bas ta Lewton, sai dai a nan bayan firgitar akwai tambaya: ka tsaya ka harba, ko ka ruga? Gaba kura, baya siyaki, kuma amsar tana hannun mai riƙe da linzami.

A 1999 kamfanin Konami ya fito da Silent Hill, wanda Keiichiro Toyama ya jagoranta. Na'urar ba ta iya zana abin da ke nesa, don haka aka lulluɓe garin da hazo da duhu. Aka ba mai wasa wata 'yar rediyo mai shi-shi-shi idan dodo ya matso, watau ana gaya masa akwai abu kusa, ba a gaya masa ta ina ba. Bam ɗin Hitchcock ke nan, amma an sauya wurin zama: mai wasa shi ne ɗan kallon da ya san da bam, shi ne kuma mutumin da ke zaune a teburin. A 2001 kamfanin Tecmo ya yi Fatal Frame, inda makamin yarinyar da ke ciki kyamarar ɗaukar hoto ce, kuma hoton ya fi yi wa fatalwa illa idan aka bari ta matso daf. An mai da kallon abin tsoro ido da ido ya zama sharaɗin tsira. Eternal Darkness na 2002 ya wuce nan, ya riƙa yaudarar mai wasa shi kansa, yana nuna kamar an rage sautin talabijin, ko kamar an goge duk abin da ya adana.

Wanda ya fi dukkansu zurfi a ganin manazarta da yawa shi ne Silent Hill 2 na 2001. Wani mutum mai suna James ya sami wasiƙa daga matarsa wadda ya yi imanin ciwo ya kashe ta shekara 3 da suka wuce, tana kiransa zuwa garin. Mai wasa ya raka shi sa'o'i masu yawa, yana kare shi, yana nema masa hanya, sai daf da ƙarshe ya tarar ashe James ne ya kashe ta da hannunsa bayan jinya ta yi tsawo, dodannin garin kuma siffofin laifinsa ne. Bugu da ƙari, wasan yana lura da halin mai wasa a ɓoye, alal misali yadda yake kula da lafiyar James, da wannan ne yake zaɓar yadda labarin zai ƙare. Fim yana iya ba da labarin mai laifi. Sa mutum ya ji shi ne ya yi ta jan mai laifin da hannunsa, wannan sai wasa.

Bindiga da kwance ɗamara

Daga nan sai fannin ya kauce hanya. Resident Evil 4 na 2005 wasa ne da aka yaba ƙwarai, amma ya matso da kyamara bayan kafaɗar tauraro, ya yalwata makamai, ya sa harbi ya yi daɗi. Waɗanda suka biyo shi a 2009 da 2012 suka ƙara zurfafa cikin faɗa, har magoya baya suka riƙa ƙorafin cewa tsoron ya tafi. Dalilin a fili yake. Dodon da kake da harsashin kashe shi ya zama abin farauta.

Gyaran ya fito ne daga wani ƙaramin kamfani a Suwidin, Frictional Games, wanda ya fitar da Amnesia: The Dark Descent a 2010. An kwance wa mai wasa ɗamara gaba ɗaya, ba shi da makami ko ɗaya, sai fitila mai cin mai. In ya zauna a duhu hankalin tauraron yana gushewa, in ya kunna fitila dodo yana hango shi, in ya ƙura wa dodon ido hankalin yana ƙara gushewa. Saboda haka mai wasa da kansa yake kau da kai, ya shige kabad ya rufe, ya saurari taku. Duk wanda ya yi wasan ɓuya yana yaro ya san yadda zuciya ke bugawa sa'ad da mai nema ya tsaya daf da maɓoyarsa. Outlast na 2013 ya bi wannan sawu.

A 2014 aka sami misalai biyu da suka dace da nazarinmu. Na farko Alien: Isolation, wanda kamfanin Creative Assembly na Ingila ya gina bisa fim ɗin Alien na Ridley Scott na 1979. A fim ɗin, inda dodon zai ɓullo an riga an yanke shi har abada, wanda ya kalla sau biyu ya san wurin. A wasan kuwa an ba dodon tsarin farauta, yana bin sauti da motsi, yayin da wani tsari na daban da ya san inda mai wasa yake ke karkato da shi wajen, ya kuma janye shi in matsin ya yi yawa. Ba a iya haddace shi. Na biyu shi ne P.T., ɗan gajeren wasa da Hideo Kojima ya yi tare da daraktan fim Guillermo del Toro, inda ake ta zagaya lungu guda na wani gida, duk zagaye wani abu ya sauya. Konami ya soke babban wasan da aka yi shi don tallatawa, ya kuma janye shi daga kasuwa a watan Afrilu na 2015. A 2019 wani mai binciken cikin wasanni, Lance McDonald, ya gano cewa tun daga lokacin da mai wasa ya ɗauki tocila, fatalwar gidan tana manne a bayansa, tana juyawa duk inda ya juya. A 2017 Resident Evil 7 ya komo ga ban tsoro, har ana iya yin sa da tabarau na musamman da ke rufe ido ruf, ta yadda duk inda mutum ya waiwaya cikin gidan yake.

Inda wasa ya gaza

Kada a ɗauka wasan bidiyo ya yi wa fim fintinkau ta kowace fuska. Yana da rauni babba, watau maimaici. A fim mutuwa sau ɗaya ce. A wasa kuwa in dodo ya kashe ka, sai a mai da kai baya ka sake gwadawa. A karo na farko tsoro ne, a karo na biyar haushi ne, a na goma ka fara lissafin takun dodon kamar mai warware wasa ƙwaƙwalwa. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Thomas Grip, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi Amnesia, ya sha yin bayani a kan wannan matsala, shi ya sa aka tsara wasan yadda mai wasa zai riƙa jin mutuwa na kusa ba tare da ya cika mutuwa ba. Akwai kuma matsalar tsawo. Fim yakan ƙare cikin sa'o'i 2 ko ƙasa da haka, amma Alien: Isolation yana iya cin kusan sa'o'i 20, kuma masu sharhi da dama sun ce ya yi tsawon da fargaba ta gaji.

Haka nan fim yana da fuskar ɗan Adam. Yawancin tsoron da ɗan kallo ke ji daga idon tauraro yake ɗaukarsa. Abin sha'awa shi ne, lokacin da Amnesia ya fito, abin da ya ƙara yaɗa shi har da bidiyon da mutane irin su PewDiePie suka riƙa ɗorawa a YouTube, ana ganin fuskarsu suna ihu yayin da suke wasan. Miliyoyin mutane suka zaɓi su kalli mai wasa maimakon su riƙe linzamin, watau suka mai da wasan fim. Wannan yana iya zama shaida ta fuska biyu: ga buƙatar ganin fuska, ga kuma alamar cewa riƙe linzamin ya fi ƙarfin wasu.

Abin da bincike ya nuna

An yi 'yan gwaje-gwaje a kan wannan batu. A 2015 Teresa Lynch da Nicole Martins na Jami'ar Indiyana a Amurka sun tambayi ɗalibai 269, fiye da rabinsu suka ce wasan bidiyo ya taɓa tsorata su, kuma kasancewar su ne ke juya abin yana cikin manyan dalilan da suka ambata. A 2016 K. E. Madsen ya raba mutane gida biyu, wasu suna yin P.T., wasu suna kallo kawai. Ma'aunin bugun zuciya da numfashi da gumin fata ya nuna jikin masu wasa ya fi tashi, amma da aka tambaye su da baki, bambancin bai fito sosai ba. Jiki magayi. Ta ɓangaren fim kuwa, binciken Kristen Harrison da Joanne Cantor na 1999 ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da suka tambaya har lokacin suna ɗauke da ragowar tsoron wani abu da suka kalla a fim ko talabijin tun suna yara ko matasa. Janet Leigh, wadda aka kashe a wurin wanka a Psycho, ta sha faɗin cewa tun da ta ga fim ɗin take gudun wanka a shawa. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, yawancinsu a kan ɗaliban jami'a aka yi su, don haka ba za a ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ba.

Kammalawa

Idan muka koma ga ma'aunanmu, za mu ga cewa a fagen firgita fannonin biyu kunnen doki suke, dabarar ma guda ce tun 1942. A fagen fargaba wasan bidiyo ya shiga gaba, muddin mai ƙera shi ya rage wa mai wasa ƙarfi ya bar masa alhakin tafiya, kuma bai bari maimaici ya cinye abin ba. A fagen tabo kuwa shaidar da ta fi yawa tana wajen fim, ko da yake ya riga wasan bidiyo da shekaru masu yawa, kuma Silent Hill 2 ya nuna wasa ma yana iya barin nasa tabon ta hanyar jin laifi. Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan: lalle wasan bidiyo yana tsoratarwa, tsoro na haƙiƙa, amma ta wata ƙofa daban da ta fim. Ga manazarcin adabi, darasin ya wuce batun nishaɗi. Mun saba nazarin jigo da salo da zubi a matsayin abubuwan da mawallafi ya gama shiryawa ya miƙa wa mai karatu ko mai sauraro. Ga wani nau'in labari da ba ya tafiya sai mai karɓarsa ya sa hannu, kuma yara da matasa masu yawa a duniya da shi suke tashi. Ya kamata mu fara tanadin kalmomi da ma'aunan da za mu yi nazarinsa da su.